Tsoron da Ya Biyo Mu Har Gida

Akwai wata nasiha da ta yi yawa a bakin masu koyar da dabarun cin nasara, a rediyo da Facebook da tarukan matasa: wai ka cire tsoro, ka tunkari abin da kake gudu, za ka tarar ashe ba kome ba ne. Mai wannan magana yana iya yin gaskiya idan da ɗalibin da ke fargabar tsayuwa gaban aji yake. Amma ina roƙonsa kada ya kawo ta Tsafe. Manomin Wanzamai da ya bar gonarsa ta nesa ba ruɗu ne ya kama shi ba. Abin da yake gudu yana da babur, yana da bindiga, yana da suna, kuma ya san hanyar gidansa. A watan Afrilun 2023 mutum kimanin 80 aka kora cikin daji daga wannan gari, mafi yawansu mata da yara da suka fita yin itace. Wanda zai ce wa uwar ɗaya daga cikinsu tsoron a zuciyarta kawai yake, bai san abin da yake faɗa ba.

Saboda haka bari in fara ba tsoronmu haƙƙinsa. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ɗan Gusau, ya jagoranta ya miƙa wa gwamnatin Zamfara rahoto a 2019. Ya ce tsakanin 2011 da 2019 mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum fiye da 190,000 sun bar gidajensu, an kuma biya kuɗin fansa sama da naira biliyan 3. Wannan lissafi kafin Jangebe ne, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana a Fabrairun 2021. Kafin a sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja a Satumbar shekarar, ya yi kimanin wata guda a hannunsu. Kafin daren 22 ga Satumba, 2023, da aka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, daf da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka tafi da ɗalibai fiye da 20, yawancinsu mata, waɗansu sai bayan wata bakwai suka ga iyayensu. Matafiyin da ya tsaya a tasha yana tambayar direba, "Hanya lahiya? An ga mota ta hito daga Funtuwa?" hankali yake yi.

Abin da ya dame ni wani ne daban. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, kowanne da mazauninsa. Mu namu tsoron bai tsaya a daji ba. Ya biyo mu gari, ya shiga zaure ya zauna, yanzu shi ke yanke mana shawara har a kan abubuwan da babu bindiga a kusa da su: ko za a faɗaɗa shago, ko za a ɗauki yaro aiki, ko yarinya za ta koma makaranta, ko za a buɗe baki a taron unguwa. Ɓarayin daji sun ƙwace mana dabbobi da gonaki da mutane. Wannan tsoro na biyu kuwa mu ke miƙa masa abin da ya rage da hannunmu. Ɓarnarsa ba ta zuwa jarida, kuma ina fargabar ita za ta daɗe tare da mu ko bayan bindiga ta yi shiru.

Dubi yadda abin yake tafiya. Masu garkuwa suna yanka kuɗin fansa gwargwadon abin da aka shaida musu mutum ya mallaka. Kowa ya gane haka, sai arziki ya zama abin ɓoyo. Ɗan kasuwa a Tudun Wada yana da halin cika shagonsa da kaya, ya bar rabin kanta fayau don kada a ce ya samu. Magidanci a Kwatarkwashi ya tara kuɗin kwano da siminti, ya bar gidan a ginin laka. Wanda Allah ya ba amfanin gona ya sayar da shi a ɓoye, da araha, tun da kaka, maimakon ya adana ya jira farashin bazara, domin cikakken rumbu kiran ɓarawo ne. Mai ɗan ƙarfi kuwa ya kwashe jarinsa da iyalinsa ya yi Kano ko Kaduna ko Abuja. Kowannensu yana da hujja. Amma in ka haɗa su wuri ɗaya, ka samu garin da magini ba ya samun aiki, mai walda ba ya samu, ɗan dako ba ya samu, kuma a cikin waɗannan marasa aiki ne ɓarawo yake samun mai kai masa burodi da fetur da labari.

Kai labarin nan shi ya fi yi mana illa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mun gani da idonmu: an sha kama maƙwabci, ko abokin ciniki, wani lokacin ɗan'uwa na jini, shi ne infoma. Sai zargi ya game kowa. Telan da a da yake tara yara yana koya musu ɗinki, yanzu jan ƙafa yake yi kafin ya karɓi wanda bai san gidansu ba. Mai shago ba ya son yaronsa ya san cinikin yini. Masu adashi ba sa son a san ranar kwasar wani. Baƙo ya yi sallama, a amsa masa ta bayan ƙyaure. Sana'ar Bahaushe kuwa a kan yarda aka gina ta: bashi ba takarda, ajiya ba shaida, yaro a hannun ubangida shekara da shekaru har a sallame shi da jari. Garin da yarda ta mutu a cikinsa, kasuwarsa ta mutu ko da ba a ƙone rumfa ɗaya ba.

Ga kuma shiru. Mutum ya ga baƙin babura sun ratsa bayan gari da la'asar, ya san abin da ke tafe, ya shige gida ya kama bakinsa. In ka tambaye shi sai ya ce, "Malam, wa za ni gaya ma? Kahin in kai gida sun ji." Ba ƙarya yake yi ba. Rahoton 2019 ɗin nan ya zargi sarakuna 5 da hakimai 33 da hannu a lamarin, an kuma tuɓe sarakunan Maru da Zurmi da Ɗansadau a lokuta daban-daban bisa irin wannan zargi. A 2022 Trust TV ta nuna binciken da ta yi a kan 'yan bindiga, BBC ma ta fitar da wanda Yusuf Anka ya yi a dazukan Zamfara. A watan Agusta hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, haka ma wasu kamfanonin da suka haska na BBC. Talaka yana kallo, kuma abin da ya karanta a nan shi ne mai magana ke shan wuya.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne inda tsoro ya hau kujerar masu yanke hukunci. A Yulin 2022 masarautar 'Yandoton Daji a ƙaramar hukumar Tsafe ta naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa tun 2020. Hujjar da aka bayar ita ce neman sulhu, a bar mutane su yi noma. Gwamnati ta dakatar da sarkin bayan ƙasa ta ɗauki surutu. 'Yandoto ce fa, garin da almajirai suka riƙa yi wa tattaki neman ilimi tun kafin jihadi. Ba na zargin ƙauyen da ya tara kuɗin noma ya kai daji, ko wanda aka tilasta wa yi wa ɓarawo shuka da girbi. Wanda ba shi da mai kare shi, da abin da ke hannunsa yake fansar ransa. Amma kowa a Tsafe ya san yadda wannan ciniki yake ƙarewa: da damina kuɗin shuka, da kaka kuɗin girbi, baɗi a ƙara da babura, sannan wata daba ta zo ta ce ita ba da ita aka yi ba. Kuɗin da aka biya don a zauna lafiya da shi ake sayen harsashin da za a dawo da shi.

Wani lokacin kuma tsoro rigar jarumtaka yake sawa. 'Yan sa-kai sun tashi ne saboda tura ta kai bango, kuma da yawansu sun ba da rayukansu suna kare garuruwansu, Allah ya jiƙansu. Amma duk wanda ya bi tarihin rikicin nan, har da binciken da Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar a 2021, ya san kisan da aka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abin da ya rura wutar. Wanda ya firgita ba ya tantancewa. Yau akwai Bafulatanar da ke tsoron kawo nono kasuwa, akwai makiyayin da ɓarayi suka kwashe wa shanu amma ba ya iya shiga gari ya kai ƙara. Shi ma tsoro ne ya ɗaure shi, kuma wanda aka rufe wa ƙofar gari, daji zai buɗe masa tasa.

Abin da na yi imani da shi shi ne irin wannan tsoro ba mutum ɗaya ke karya shi ba. A birnin Falarmo na tsibirin Sisili a Italiya, 'yan Mafiya sun daɗe suna karɓar harajin dole daga 'yan kasuwa, irin wanda ake ɗora wa ƙauyukanmu. A Janairun 1991 wani mai masana'antar tufafi, Libero Grassi, ya rubuta a jarida cewa shi ba zai biya ba. Sauran 'yan kasuwa suka janye jiki suka bar shi shi kaɗai. Ranar 29 ga Agustan shekarar aka harbe shi kusa da gidansa. A 2004 wasu matasa suka kafa ƙungiyar Addiopizzo, suka bi ta wata hanya. Sai da suka fara tara dubban masu saye da suka sa hannu cewa za su yi ciniki da duk wanda ya ƙi biya, sannan a 2006 suka fitar da sunayen shaguna sama da 100 a lokaci guda, da lauyoyi a bayansu. Wa za a harba a cikin ɗari? Sisili tana da 'yan sanda da kotunan da suka tsaya da ƙafarsu, abin da ƙauyukanmu irin su Keta da Kizara ba su da shi, saboda haka ba cewa nake wani ƙauye ya ƙi biya gobe ba. Abin da nake so a gani shi ne zuciyar Grassi ba ta gaza ta matasan nan ba. Mutane ya rasa.

Addininmu ma bai taɓa ce mana jarumi shi ne wanda ba ya jin tsoro ba. Annabi Musa, alaihissalam, ya bar Masar a tsorace, kuma da aka aike shi wurin Fir'auna bai ɓoye fargabarsa ba. Ya kai ta ga Ubangijinsa, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, sannan ya tafi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da zai yi hijira bai fito da rana tsaka ya kama babbar hanya ba. Ya yi abokin tafiya, Sayyidina Abubakar, ya ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya, ya fara nufar kudu alhali Madina tana arewa, ya kwana uku a kogon Sauru, da mai kawo abinci, da mai kawo labarin Makka, da mai koro tumaki yana shafe sawu. Kuma duk da haɗarin, ya tafi. Mu mun raba tawakkali gida biyu. Wasu sun ɗauki shirin sun bar tafiyar, suna zaune suna lissafin haɗari har damina ta wuce. Wasu sun ɗauki tafiyar sun bar shirin, su kama hanyar Funtuwa bayan magariba suna cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Babu wanda ya bi sunna a cikinsu.

Gusau kanta gari ne da ya taɓa tashi ya dawo. Mutanen Malam Sambo ɗan Ashafa da suka kafa ta a farkon ƙarni na 19, hare-hare sun sa sun koma Rawayya, a ƙasar Bungudu ta yau, suka zauna shekaru, sannan suka komo suka sake gina garinsu. Jikokinsu ne suka ga jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, suka cika shi da auduga da gyaɗa. Ja da baya ba abin kunya ba ne a tarihinmu, muddin da niyyar komowa.

Maiduguri ta ga abin da ya fi namu. Kafin 2013 kowa a unguwa ya san ɗan Boko Haram, ba mai iya nuna shi. Da matasa suka fito tare a tsakiyar shekarar, waɗanda ake kira 'yan gora, suka riƙa nuna su ga sojoji, cikin watanni ƙungiyar ta rasa gindin zama a cikin birnin. Jami'ar Maiduguri ba ta rufe ba ko bayan da bam ya tashi a masallacinta a Janairun 2017. Mu ma mun taɓa gwadawa. A Afrilun 2019 'yan Zamfara suka yi tattaki a Abuja, 'yar jarida Kadaria Ahmed na cikin na gaba, bayan shekaru ana kashe mu ƙasa ta yi kunnen ƙashi. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar. Ko matakin ya yi amfani wannan wata magana ce, amma an ji mu ranar da muka haɗa baki.

A ƙasa, talakawa sun riga masana gano wannan. Direbobin hanyar Funtuwa suna jiran juna su tafi a jere, na gaba yana bugo wa na baya. Manoma suna fita gona rukuni-rukuni, a sa wani a kan tudu ko itace yana duba. Abin da ya rage shi ne mu ɗauki wannan dabara mu kai ta inda ba ta kai ba. Idan mutum ɗaya yana tsoron kai rahoto, liman da mai unguwa da shugaban 'yan kasuwa su kai da sunan gari. Idan tela yana ɗari-ɗari da yaron da bai sani ba, ƙungiyar teloli ta riƙe rajista, uba ko kawu ya zo ya tsaya wa ɗansa, kamar yadda ake yi tun asali. Sannan mu koyi auna labari. Firgici mai yawa a Gusau a waya ake ƙera shi: hoton gawarwakin wata shekara, ko ma na wata ƙasa, a sake turo shi da dare a ce yanzu-yanzu a Damba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin na mai jefa masa tsumman ne. Kafin ka tura, tambayi wanda ya turo maka: yaushe, a ina, wa ya gani? Kafin ka fasa tafiya ko ciniki, ka tabbatar haɗarin na wannan hanya ne a wannan sa'a. Hanyar da ba ta biyuwa da magariba sau da yawa tana biyuwa da hantsi.

Inda nake so mu fi tsayawa shi ne karatun 'ya'ya mata. Bayan Jangebe, da sace ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba, 2021, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya, ga kasuwannin mako a rufe, ga layukan waya an katse. An buɗe makarantu daga baya, amma a gidaje da yawa maganar ta rufu ke nan. Uba ya ce, "Ɗiyata ba ta ƙara kwana makaranta," ya nemi miji ya aurar. Ina fahimtarsa, kuma ba zan ce wa kowa ya kai 'yarsa makarantar kwana marar katanga a bakin daji ba. Sai dai tsakanin wannan da zaman gida akwai fili mai faɗi. Akwai makarantar jeka-ka-dawo a cikin gari. Akwai gidan gwaggo ko kawu a Gusau. Iyayen layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mai Keke Napep da suka sani ya kai yara ya komo da su, su je wurin shugaban makaranta tare su matsa a kan katanga da maigadi da fitila. Abin da ya faru a Sabon Gida ya koya mana a fara tambayar inda yarinya za ta kwana kafin a tambayi kwas ɗin da aka ba ta. Mu tuna jihar nan tana fama da ƙarancin ma'aikatan jinya da ungozoma, kuma baƙi ba sa marmarin zuwa. Yarinyar da aka cire daga aji uku bana ita ce ungozomar da za a nema a asibitin Tsafe nan da shekara goma a rasa, ranar da matar ƙanenta take naƙuda.

Akwai kuma tsoron da ba ruwansa da daji ko kaɗan, inuwar fakewa kawai ya samu. Saurayi ya gama jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, yana zaune a majalisa shekara da shekaru yana jiran takardar ɗaukar aiki. Ka ce masa ya koyi gyaran waya, ko haɗa sola, ko kiwon kaji a bayan gida, sai ya ce, "Yaya, ai ƙasar ba lafiya." Gaskiya ne ba lafiya, amma ba ɓarayi suka hana shi zama a kan benci a Sabon Gari da sukundireba a hannu ba. Tsoronsa kada abokin karatunsa ya wuce a mota ya gan shi, kada ya fara ya faɗi a yi masa dariya, kada gidan da yake neman aure su ji. Wannan na fi jin haushinsa, domin shi kaɗai ne maganinsa yake hannun mai shi gaba ɗaya, kuma matsoraci ba ya zama gwani. A garin nan akwai matan da aka kashe wa maza a ƙauyukan Mada da Magami da Ɗansadau, sun iso da yara ba ko tabarma, yau suna suyar awara da ƙosai a bakin titi suna biyan haya. Sun fi shi dalilin naɗe hannu. Ƙanena, fara da ƙaramin abin da faɗuwarsa ba za ta karya ka ba, nemi ubangida, nemi abokin haɗa jari. Surutun mutane ba ya wuce 'yan watanni.

Waɗanda suka dawo daga hannun ɓarayi su kuma sha'aninsu daban. Wanda ya yi watanni a ɗaure, ƙarar babur ta hana shi barci, ba rago ba ne, kuma "yi haƙuri, ya wuce" ba ta isar masa. Ciwo ne da likitoci suka sani, ana kuma maganinsa. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Sakkwato. A haɗa da addu'a, a kai shi. Macen da ta dawo kuwa, duk wanda ya yi mata gori, ko ya sake ta saboda abin da aka yi mata da ƙarfi, ya ƙarasa wa ɓarawo aikinsa.

Kada hukuma ta ji wannan ta ce to, talaka ya yi ta maza. Ba a neman jarumtaka wurin wanda aka bari a fili. Da gwamnatin jiha ta ce a 2022 kowa ya nemi bindiga ya kare kansa, sauke kaya ta yi a kan wanda ba zai iya ɗauka ba. Askarawan tsaro fiye da 2,600 da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024 mataki ne, amma da abu biyu za a auna su: ko suna zuwa in an kira, da ko wanda suka kama yana isa gaban alƙali da ransa. Aikin gwamnati ne ta rage wa mai gaskiya tsadar gaskiyarsa. A samar da layin kai rahoto wanda sunan mai kira ba ya fita. Infoman da aka kama a gan shi a kotu, kada a gan shi a kasuwa bayan mako guda. A tsayar da sintiri tsakanin Tsafe da 'Yankara a sa'o'in da kowa ya san ana tare hanya. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da suka yarda suka zauna a ƙauye, a biya su alawus ɗin da ya dace da abin da suka tara wa gaba.

Kai kuma mai karatu, musamman na Gusau da Tsafe da Bungudu, akwai abin da ka jingine a shekarun nan saboda tsoro: shagon, ko karatun yarinyar, ko gonar da ke kusa da gari, ko maganar da ta kamata a faɗa a masallacin unguwa. Sake duba shi a makon nan. In haɗarin yana nan, bar shi, ba mai zarginka. In kuwa ɗaukarsa kai kaɗai ce ke ba ka tsoro, nemi mutum biyu ko uku da abin ya dama kamar yadda ya dame ka, ku je wurin liman ko mai unguwa tare, ku fara daga nan.